Harajin albashi yana cin rabona, akwai hanyar rage shi ta halal?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a wani kamfani mai zaman kansa a Kano, albashina kafin a cire komai naira 450,000 ne a wata. Duk wata sai an cire min 30,000 na fansho sannan a cire 58,100 na haraji, wallahi abin yana min ciwo, ga haya ina biyan 900,000 a shekara, ga yara huɗu a makaranta, ga mahaifiya ina ɗawainiya da ita. Ina da ɗan shagon kayan masarufi ƙanena ne ke zama a ciki, maiɗakina kuma tana sayar da turaren wuta da humra ta waya. Wani abokina ya ce in rarraba kuɗina a bankuna daban-daban, in riƙa sa masu turo min kuɗi su rubuta "kyauta", ya ce kuma akwai wanda zai buga min rasit ɗin haya na miliyan biyu da rabi. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Don Allah akwai hanya mai tsafta da zan rage wannan haraji?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka bi maganar abokin nan naka. Hanya akwai, doka da kanta ce ta buɗe ta, sai dai zan faɗa maka tun yanzu kar ka sa ran za a mayar da 58,100 ɗin nan ya koma sifili, ba zai koma ba. Abin da za ka iya shi ne ka daina biyan haraji a kan kuɗin da doka ta ce ba a cire musu haraji, kuma mafi yawan ma'aikatanmu nan suke asara, ba don an zalunce su ba sai don ba su kai takarda ba.

Bari mu fara da yadda aka samo 58,100 ɗin, don in ba ka san yadda ake lissafin ba ba za ka gane inda za ka taɓa ba. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, hawa-hawa ta tsara abin. Naira 800,000 na farko a shekara ba a cire ko sisi. Miliyan 2.2 da ke biye, wato har zuwa miliyan 3, kashi 15 cikin ɗari. Daga miliyan 3 zuwa 12 kashi 18. Daga 12 zuwa 25 kashi 21, daga 25 zuwa 50 kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kashi 25. Mutane da yawa suna zaton in albashinka ya tsallaka wani mataki to duka kuɗin ne za a caje shi da sabon kason, har na sha jin ana cewa wai gara kar a yi wa mutum ƙarin albashi don kar haraji ya cinye, wannan ba haka ba ne sam, abin da ya haura ɗin kaɗai ake caja da babban kason.

To kai albashinka a shekara miliyan 5.4 ne. An cire fansho 360,000, saura 5,040,000. A ciki 800,000 ba komai, miliyan 2.2 ya ba da 330,000, ragowar 2,040,000 a kashi 18 ya ba da 367,200, jimla 697,200, ka raba gida 12 ka ga 58,100 cif. Ka ga ke nan akantan ofishinku bai cuce ka ba, amma kuma lissafin ya nuna min ƙarara cewa ban da fansho babu wani sassauci ko ɗaya da aka sa maka, ko na haya babu. Kuma ka riƙe wannan lambar da kyau, kashi 18, ita ce taka. Duk naira ɗari da ka yi nasarar fitarwa daga kuɗin da ake caja, naira 18 ce ta dawo aljihunka, ba ɗari ba. Da wannan za ka auna duk wata shawara da wani zai kawo maka, har tawa.

Wani abu kuma don zuciyarka ta ɗan yi sanyi, a tsohuwar doka mai irin albashinka yana biyan wajen 711,000 ne a shekara, don haka sabuwar ba ta ƙara maka ba, ta ma ɗan rage kaɗan. Bambancin da ya shafe ka shi ne a da akwai wani sassauci na bai-ɗaya, 200,000 da kashi 20 na albashi, da ake cire wa kowa kai tsaye ko ya nema ko bai nema ba. Yanzu an soke shi, an kawo sassaucin haya a madadinsa, shi kuwa wannan sai ka nema a rubuce ka kai hujja.

Sassaucin hayar kashi 20 ne na abin da ka biya a shekara, amma ba ya wuce 500,000. Kai da ke biyan 900,000 za a cire maka 180,000 daga kuɗin da ake caja, wato harajinka ya ragu da 32,400 a shekara, 2,700 a wata. Na san za ka ce ɗan wannan? Eh ɗan wannan ne, amma shi ne kaɗai a duk abin da zan lissafa maka wanda ba sai ka sake fitar da ko kwabo ba, hayar dama kana biya, takarda ce kawai ta rage. Ka samu yarjejeniyar haya mai sa hannunka da na mai gida, da rasit, kuma in da hali ka riƙa biya ta banki ba a hannu ba, ka ajiye shaidar turawar. Sai ka rubuta wasiƙa gajeriya zuwa sashen albashi na ofishinku ka haɗa da kwafin takardun, ka ce a sa maka sassaucin haya, ka riƙe kwafi ɗaya da aka buga wa hatimin karɓa. Wasu ofisoshin suna da fom na musamman, ka tambaya. In ofishin ya yi ta maka jeka-ka-dawo, hukumar haraji ta jiha wato KIRS ita ce mai maganar ƙarshe, za ka iya sa shi a bayanin shekara da za ka shigar da kanka.

Inda za ka iya cin karo da matsala shi ne mai gida. A garuruwanmu haya da yawa a baki ake yi, ko ta hannun dillali, a miƙa kuɗi a ce Allah Ya sa albarka shi ke nan, kuma wasu masu gidajen yanzu suna ƙin ba da rasit don sun gane cewa in ɗan haya ya kai sunansu to hukuma ta san suna karɓar haya. Ka lallaɓa shi cikin mutunci, ba da faɗa ba, ka nuna masa rasit haƙƙinka ne ko da babu maganar haraji, ko don gudun rigima gobe in magada suka shigo.

Nan ne zan zo kan rasit ɗin bogin da aka ce za a buga maka. Ka ga dalilin da ya sa suka zaɓi miliyan biyu da rabi, don kashi 20 ɗinsa shi ne 500,000, ƙarshen abin da doka ta yarda. To mu lissafa ribar, bambancin 500,000 da 180,000 ɗinka na gaskiya 320,000 ne, a kashi 18 ya zama 57,600 a shekara. A kan 57,600 za ka sa hannu a takardar ƙarya, ka miƙa ta ga ofishin da kake ci a ciki, sannan ka rubuta wa mai gidanka kuɗin shiga na miliyan biyu da rabi da bai taɓa gani ba, ranar da aka je masa da takardar haraji kai zai nuna. Aikinka zai iya tafiya a kan wannan, ban da tara, ban da zunubin ƙarya da cutar da bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Don Allah ka rufe wannan babin.

Maganar rarraba kuɗi a bankuna da rubuta "kyauta" ita ma ba ta da tushe. Ba a cire haraji a kan kuɗin da ke zaune a asusu, kuma ba wanda ke bin kowace taransifa yana yankar kashi 18, naira 50 ɗin da kake gani ana cirewa in an tura 10,000 zuwa sama harajin hatimi ne, wani abu ne daban. Haraji a kan abin da ka samu yake, albashi ko riba ko haya. Kyauta ta gaskiya ba a cajinta, in yayanka ya turo maka gudummawar suna ko ka tura wa Hajiya kuɗin cefane ba ruwan hukuma, bashi da aka biya ka ko kuɗin adashi da ya zagayo kanka su ma ba samu ba ne, kuɗinka ne ya dawo. Amma rubuta "kyauta" a kan kuɗin buhun shinkafa ba ya mayar da shi kyauta, kuma asusu goma duk BVN ɗaya ne da NIN ɗaya, ita NIN ɗin ma yanzu ita ce lambar harajin mutum. Abin da yake da amfani shi ne a riƙa rubuta gaskiyar dalilin turawa, don ranar da aka tambaye ka kana da abin nunawa.

Yanzu ga inda ainihin ragin yake, fansho. Kashi 8 da ake cire maka daga asalin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri, wato 30,000 ɗin nan, dole ne, kamfani kuma yana ƙara kashi 10 nasa, haka dokar fansho ta 2014 ta ce. Amma dokar ta ba ka dama ka ƙara na ganin dama a kai, ta hannun ofishinku, a cire daga albashi kafin a lissafa haraji. A ce ka sa a riƙa ƙara 25,000 duk wata, 300,000 ke nan a shekara, harajinka zai sauka da 54,000. Ma'ana ka ajiye 25,000 amma abin da zai ragu a alat ɗinka 20,500 ne, sauran 4,500 ɗin kuɗin da da haraji zai tafi ne ya koma asusunka na fansho. A ganina wannan ita ce hanya mafi ƙarfi ga mai albashi, amma tana da sharaɗi kuma ba zan ɓoye maka ba. Kuɗin ba na taɓawa ba ne yau da gobe, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta sa ƙa'ida a kan cirewa, wani kaso ma sai ka yi ritaya, kuma in ka ciri abin da ka zuba kafin ya shekara 5 za a yanki haraji a wurin cirewar. Ga kuma tsadar rayuwa da ke cin darajar naira, wannan ma abin dubawa ne. Don haka kar ka sa kuɗin makarantar yara ko na haya a ciki, abin da dama ka yi niyyar ajiyewa na dogon zango shi za ka sa, in 10,000 ce za ka iya ba tare da gida ya girgiza ba to ka fara da ita.

Na san abin da ke hana da yawa daga cikin mutanenmu kusantar fansho shi ne tsoron riba, kuma tsoro ne mai kyau. Tun 2021 akwai asusu na shida, wanda ake kira Fund VI, da ake juya shi ba tare da kuɗin ruwa ba, a irin su sukuk, wato takardun jari na Musulunci, da hannun jarin da ya dace da shari'a. Ka je kamfanin fanshonka ka cike fom su mayar da kai can, mutane da yawa shekara da shekaru suna ƙorafi a kan kuɗin ruwa alhali ba su san ana iya sauyawa ba.

Sai inshorar rai. Abin da ka biya a kan ranka ko na maiɗakinka ana cire shi daga kuɗin da ake caja. Ga wanda bai natsu da inshora ta gama-gari ba akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful masu tsarin iyali, sai ka sa su ba ka takardar da ta nuna a fili cewa kariyar rai ce da adadin da ka biya a shekara, ita za ka kai. In ka biya 120,000 a shekara harajin zai ragu da 21,600. Amma ka ji ni da kyau, kar ka shiga don haraji. Wanda ya kashe 120,000 don ya tsira da 21,600 bai yi tanadi ba. Ka shiga in ka duba yara huɗu da uwa da ke kanka ka ga cewa in ta Allah ta kasance gara su samu abin riƙewa, sai ragin harajin ya zo a matsayin ƙari. Haka gudummawar inshorar lafiya ta ƙasa, ita ma ana cirewa, in ofishinku yana yanka daga albashinka ka tabbata an cire ta kafin a lissafa haraji ba bayan an lissafa ba.

Akwai kuma asusun gidaje na ƙasa, NHF, kashi 2.5 na albashi, shi ma ana cire shi kafin haraji. Tun gyaran da aka yi a 2023 ba dole ba ne ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, shi ya sa ba ka gan shi a takardar albashinka ba. In kana da niyyar neman gida ta bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya to shiga tana da ma'ana, in ba ka da niyya ni dai ba zan tura ka ba. Kuɗin ruwan bashin gina gidan da mutum zai zauna a ciki shi ma doka ta yarda a cire, na ambata ne don ka sani.

In ka haɗa haya 180,000 da ƙarin fansho 300,000 da takaful 120,000 ka samu 600,000, harajinka zai sauko daga 697,200 zuwa 589,200, wato daga 58,100 zuwa 49,100 a wata, ragin 108,000 a shekara. Iyakar abin da nake gani ke nan a ɓangaren albashi ba tare da ƙarya ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, kuma na san shi ne ya fi maka nauyi, kuɗin makarantar yara da ɗawainiyar mahaifiya babu su a jerin abin da ake cirewa. Tsohuwar doka ta taɓa ware 2,500 ga kowane yaro har yara huɗu, da 2,000 ga dangin da ke ƙarƙashin mutum, kuɗin da ko a lokacin ba ya sayen komai, yanzu ma babu batunsu. Zakka da sadaka su ma ba a cire wa mutum, a Malesiya ana rage wa Musulmi haraji da adadin zakkar da ya bayar ta hukuma amma mu nan ba mu da wannan. Ni a ra'ayina doka ba ta yi adalci ga magidancin da ke ciyar da mutum goma da albashi ɗaya ba, tana cajinsa daidai da wanda bakinsa kaɗai yake ciyarwa, kuma magana ce da ya kamata a riƙa kai wa 'yan majalisarmu. Amma kafin a gyara kar wani ya ruɗe ka ya ce zai cusa maka su a fom.

Mu koma shago, don a nan ne nake jin tsoro a kanka fiye da albashin. Ribar shagon naka kuɗin shiga ce, ana ɗora ta a kan albashinka, kuma tunda albashin ya riga ya cinye 800,000 ɗin da ba a caja da matakin kashi 15, duk ribar shagon daga naira ta farko kashi 18 za ta biya. Ofishinku ba su san da shago ba, don haka kai ne za ka bayyana. Abin da zai cece ka shi ne ka iya raba ciniki da riba a rubuce. A ce a shekara kuɗin da ya shiga shagon miliyan 6 ne. Ka sari kaya na miliyan 4.6, hayar shago 300,000, albashin ƙanenka 360,000, man janareta da kuɗin dako da leda da sauransu 240,000. Riba 500,000 ce, harajinta 90,000. Amma in ma'aikacin haraji ya zo bai ga littafi ba, bai ga rasit ɗin sari ba, sai alat na miliyan 6 a asusunka, doka ta ba shi dama ya yi ƙiyasi da hankalinsa, kuma da wuya ƙiyasin ya zo maka da sauƙi, sai ka koma kana rantse-rantse babu hujja.

Don haka gobe-goben nan ka sayi babban littafi mai bango ka ba ƙanenka. Shafin hagu abin da ya fita, na dama abin da ya shigo, kowace rana da kwananta, da daddare kafin a ja ƙofa a haɗa. Rasit ɗin sari na Singa ko na Dawanau a samu ƙusa ko fayil a riƙa soke su, kuma a ɗauki hotonsu da waya don irin rasit ɗin na'urar POS ɗin nan rubutunsa gogewa yake cikin 'yan watanni. In dila bai ba da rasit ba a biya shi ta banki. Ka buɗe wa shagon asusunsa daban, wannan rabuwar ita ce mai amfani ba wadda abokinka ya faɗa ba, kar kuɗin cefane da na sari su riƙa cakuɗewa. In an ɗebi taliya ko mai daga shago an kai gida a rubuta, don wannan ba kashewar kasuwanci ba ce. Firiza da janareta da sola da ka saya don shagon ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekara ɗaya, ana rarraba shi ne a kan shekaru, amma ana cirewa, ka adana takardunsu.

Ƙanenka kuma ka yanka masa albashi na gaskiya ka riƙa tura masa ta banki duk wata, maimakon ɗauki-ɗai-ɗai da "ka ɗauki na mai a aljihun tebur". Kai ya rage maka ribar da za a caja, shi kuma 360,000 bai kai 800,000 ba don haka ba zai biya komai ba, kuma ko ba don haraji ba hakan ya fi tsare zumunci.

In kana kai wa wani babban kamfani ko ma'aikata kaya a kan kwangila, za ka ga sun yanki kashi 2 kafin su biya ka. Wannan ba asara ba ce, harajinka ne aka biya maka a gaba, amma sai ka karɓi takardar shaidar yankan mai ɗauke da lambar harajinka sannan za a rage maka shi daga abin da ake bin ka a ƙarshen shekara. 'Yan kasuwarmu da yawa suna barin takardar nan su biya sau biyu.

Sana'ar maiɗakinka tata ce, a doka ma kowa da lissafinsa, ba a haɗa na miji da na mata. Tana da nata 800,000 ɗin da ba a caja, don haka in ribar turarenta ba ta wuce haka ba a shekara babu abin da za ta biya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne masu saye su riƙa turo kuɗin humra asusun maigida, sai ya zama a takarda kai ne mai samun, a caje shi kashi 18 a banza. Ta buɗe asusu da sunanta, ta riƙe ɗan littafinta. Amma kar wannan ya sa ka ce bari in mayar da shagon da sunanta a baki kawai alhali kai ke juya komai, hukuma tana da ikon yin watsi da duk tsarin da ta ga na ƙarya ne, in kuwa da gaske ka ba ta to ka sani ya zama dukiyarta, ba ka da ikon taɓawa sai da yardarta.

Za ka ji wasu na cewa ka yi rajistar kamfani don ƙananan kamfanoni ba sa biyan harajin riba. Gaskiya ne a sabuwar doka, amma fa kamfani mai "Limited", rajistar sunan kasuwanci kawai ba ta raba ka da shagon, ribarsa taka ce a lissafi. Kuma kamfani yana da nasa ɗawainiyar, bayanin shekara ga hukumar rajistar kamfanoni CAC, kuɗin akanta, sannan ranar da ka fitar da riba zuwa aljihunka a yanki kashi 10. A kan ribar 500,000 wahalar ta fi amfanin, ka bari sai shagon ya girma.

In kana da fili da kake tunanin sayarwa nan gaba ka nemo takardar sayensa tun yanzu, da shaidar abin da ka kashe a kai kamar katanga da kuɗin takardu, don yanzu ribar sayar da kadara ana lissafa ta da matakan nan na harajin mutum, kuma abin da ka kasa nuna cewa ka kashe zai koma cikin riba.

Saura lokuta. Ofishinku yana da har 10 ga watan da ke biye ya kai abin da ya cire maka, kuma ya shigar da bayanin ma'aikata kafin ƙarshen 31 ga Janairu. Kai kuma naka bayanin na shekara, wanda zai haɗa albashi da shago da duk sassaucin da kake nema, 31 ga Maris ne wa'adinsa, ko da an riga an cire maka a albashi. Tarar rashin shigarwa 100,000 ce a watan farko, 50,000 duk watan da ya biyo, ka ga wata ɗaya tak ya kusa cinye duk 108,000 ɗin da muka wahala muka tara. Harajin jihar da kake zaune ake kai wa, tunda a Kano kake to KIRS ce, ko da hedikwatar kamfaninku tana Legas ko Abuja, ka duba kar a riƙa kai naka wata jihar. Ka nemi takardar shaidar biyan haraji ta shekaru 3, ita za ta nuna maka ko abin da ake yanka yana isa inda ya kamata, don akwai wuraren aikin da ke yanka su riƙe. In ya bayyana an cire maka fiye da ƙima ka rubuta ka nemi a dawo maka ko a rage a na gaba. In kuma takardar ƙiyasi ta zo maka da adadin da ba ka yarda da shi ba, kwana 30 gare ka ka rubuta ƙin amincewa da dalilanka, kar ka jefa ta a durowa ka ce sai ka samu lokaci, in wa'adin ya wuce adadin ya zauna. In ba ku daidaita ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, akwai kuma ofishin sauraron koken masu biyan haraji da sabuwar dokar ta kafa. Duk abin da za ka biya ka biya ta banki ko ta shafin hukuma ka karɓi rasit mai sunanka, kar ka ba kowa a hannu ko da ya zo da katin aiki a wuya.

Ka fara da wasiƙar haya a wannan satin, littafin shago kuma daga gobe, maganar ƙarin fansho da takaful ku zauna da maiɗakinka ku duba abin da gida zai iya ɗauka tukuna. In za ka shigar da bayanin shekara karon farko ka samu akanta mai rajista ya duba maka lissafin shagon, musamman kason firiza da janareta. Allah Ya buɗa, Ya ƙara wa Hajiya lafiya.